Burkutun da Ya Kwana a Gareji

Gugulethu, Cape Town

Zuwa ga yayata Nomvuzo,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara miki ƙarfin jiki, Ya sassauta miki sanyin Dublin, Ya sa tsofaffin da kike jinya su riƙa barinki kina hutawa. Mu nan kowa lafiya. Inna na nan da gwiwarta, ta ce in faɗa miki man shafawar da kika aiko ya yi wa ƙafar hagu aiki, saura ki aiko da na dama. Ruwa bai ɗauke mana ba tun shigowar hunturun nan namu mai zuwa da ruwan sama, ɗakin baya yana yoyo, ƙaninmu Thembile kuma yana nan yana alkawarin hawa rufin kamar yadda kika bar shi.

Na san labarin bikin shigar da 'yarki Liyema cikin dangin mijinta ya riga ya iso miki ta waya, kowa da irin gishirin da ya zuba. Shi ya sa na zauna na rubuto, don ki ji daga bakin wadda ta buɗe kwalbar. Ba haƙuri na zo bayarwa ba, labari na kawo.

Dangin mijin nata, Lunga, sun fi mu tsanani a kan al'ada. A wurinsu amarya ce take dafa burkutun kakanni da hannunta, kuma ranar biki babbar gwaggon ango ce take dubawa. Ta ƙyasta ashana a bakin bokitin; idan wutar ta mutu nan take, burkutun kuma ya taso da kumfa, to kakanni sun karɓi yarinya, sai a yanka akuya a raɗa mata sunan gidan miji. Idan ya kwanta shiru, a ɗage biki, a tafi wurin masu duba a nemo dalili. Ke ma kin san inda ake samo irin wannan dalilin. Ban taɓa jin an same shi a dangin ango ba.

Uwar mijin, Madam Nokuzola, wadda ta yi ritaya daga shugabancin makaranta, ta yarda a yi duk wannan a sabon gidanta na Parklands, amma da sharaɗin a biyo shi da liyafar hantsi don ƙawayenta na coci, irin wadda ake fara ta da ƙwai a ƙare ta da gulma. Ni aka ba wa sashen abin sha, tunda sana'ata ce. Na yi sammako na kafa teburina a baranda. Yanzu lokacin lemu da gwaba ne, su na matse. Tun ina sayar da su a tashar Bellville na san wanda zai ba da ruwa daga nauyinsa a hannu, sauran aikin kuma a wuraren biki na gonakin inabi na koya. Komai sai ya yi sanyi, har kofunan, amma ƙanƙara ba ta shiga kofi don tana kashe kumfa. Ruwan 'ya'yan itacen a tace shi tas, domin giyar inabi mai kumfa ba ta jituwa da abu mai kauri: da ta haɗu da ɓarɓashi ko tsaki sai ta harzuƙa ta yi ambaliya a kan rigar baƙuwa. A fara zuba ruwan gwaba kaɗan, a karkata kofin, a bi gefensa da giyar a hankali, ba a motsawa da cokali. Babbar doka kuwa ita ce ba a haɗawa a ajiye. Sai mutum ya miƙo hannu ake zuba masa.

Wadda ta fara miƙo hannu ita ce Gwaggo Nozizwe, yayar marigayi uban ango, wadda aka ɗauko daga ƙauyensu na Cofimvaba don ta duba burkutun. Tsohuwa ce 'yar firit cikin bargo, da sanda, da ido kamar na mai sayen kifi. Ta tsaya a gaban teburina ta ƙare wa dogayen kofunan kallo, ta tambaye ni ko fitila nake sayarwa. Na ce mata abin sha ne, Gwaggo. Ta ce kofin da hancin mutum ba zai shiga ba, ai na mutanen da ba su da ƙishi ne. Na haɗa mata na gwaba ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce ruwa ne da ke cizon harshe don ya ɓoye cewa ba shi da jiki. Sannan ta miƙo kofin na sake cikawa, wai tana so ta tabbatar da muninsa. Ta shanye na biyun ta tafi duba akuya.

Ina goge kofuna sai ga Liyema ta leƙo ta ƙofar kicin, cikin baƙin ɗankwali da aka ja mata har gira da mayafi a kafaɗa, ta yafito ni. Ban yi tsammanin gareji za mu nufa ba. A can duron burkutun yake, kan siminti, tsakanin motar Madam da injin yankan ciyawa, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na tambaye ta wa ya aike ta ta ajiye burkutu a nan cikin wannan sanyi. Ta ce ita kusa da murhu ta so ta sa shi ta lulluɓe da bargo, kamar yadda Inna ta koya mata, amma Madam ta ce warin tsiron dawa zai kama labulaye, kuma duro ba zai hau farin tayil ɗinta ba. Amarya kuwa ba ta musu da uwar miji kafin a ba ta suna. Ta riga ta tace shi cikin bokiti. Ta ƙyasta ashana a gabana ta riƙe a bakin bokitin, wutar ta ci abinta cikin kwanciyar hankali har ta kai yatsa. Na ɗanɗana. Kunu ne mai ɗan tsami, lafiyayye, amma yana barci. Ta dube ni ta ce Anti Zuki, na shiga uku, ki faɗa mini abin da zan ce wa Mama in ta bugo daga Dublin.

Ban ce mata komai a kan kakanni ba, don ban san ra'ayinsu ba. Abin da na sani shi ne abin da ke kashe ashana a bakin burkutu, shi ne dai abin da ke cizon harshe a kwalabena. Na koma baranda na ɗauko kwalba biyu na giyar marar zaƙi a ƙarƙashin atamfata. Liyema ta ce Anti kada ki yi, zunubi ne. Na ce mata zunubin nawa ne, ita ta riƙe bokiti. Ban zuba nan take ba. Na jira har aka aiko kiranta, muka ɗauko bokitin zuwa bayan ƙofar kicin, na murɗe marufan a tafin hannu yadda ko tari ba su yi ba, na tsiyaya ta gefe, na tura ta waje.

A bayan gida an kewaye wani ɗan fili da rassa an kira shi garke, ko da yake babu saniya ko ɗaya a unguwar. Maza na zaune ta can, mata ta nan a kan tabarmi, ƙawayen Madam kuma sun tsaya a baranda da manyan huluna suna ɗauka da waya. Liyema ta durƙusa ta dire bokitin gaban Gwaggo. Na riga na faɗa miki yadda giyata take da abu mai kauri, to burkutu ya fi ruwan gwaba kauri nesa ba kusa ba. Kafin Gwaggo ta zaro ashana, kumfa ta taso ta cika baki, ta gangaro ta gefe, ta bi ciyawa har ta taɓa takalmin Baffa Mlungisi, ƙanin uban ango. Ashana ta farko ko kusantar bokitin ba ta gama yi ba ta mutu. Mata suka rangaɗa guɗa. Baffa ya miƙe ya cire hula, ya ce tun yana yaro bai taɓa ganin iyayensu sun yi murna da amarya haka ba, har suna fitowa daga bokiti su tarye ta. Ya ɗiba ya zuba a bakin garke yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ni ina daga ƙofar kicin, na riga na duba inda na ajiye jakata da makullin mota.

Sai Gwaggo ta ɗiba a ƙoƙo ta kurɓa. Ta riƙe shi a baki. Ta sake kurɓa. Ba Liyema ta duba ba, kanta ta ɗaga a hankali ta bi mutane da ido har ta same ni. Ta ce ikon Allah, yau sau uku ke nan abu ɗaya yana cizon harshenta, biyu a kofin 'yan gayu, ɗaya a ƙoƙon ubanta. Guɗa ta tsaya. Ta tambayi Liyema ko ita ta dafa. 'Yarki ta ce ita ce, kanta a ƙasa. Ta tambaye ta ko ita ta tashe shi. Ta ce a'a, bai tashi ba, Antinta ce ta zuba masa kwalba biyu. Haka, ba ko kwana. Na yi shekaru ina koya wa yarinyar nan ciniki, ashe ko kalma ɗaya ba ta zauna ba. Lunga ya yunƙura zai yi magana, Baffa ya ja shi ya zaunar. Wata daga cikin masu huluna ta ce ai dama an ce dangin amaryar 'yan kasuwa ne.

Gwaggo ba ta kula ta ba. Ta tambayi inda duron ya kwana. Liyema ta saci kallon Madam, ni kuma na ce a gareji, Gwaggo, kusa da mota. Tsohuwa ta juya gaba ɗaya wajen Madam. Ba Madam ta kira ta ba, matar ƙanina ta ce. Ta ce matar ƙanina, ke da kika karantar da 'ya'yan mutane, burkutun iyayena kika kai ɗakin mota ya kwana da taya? Madam ta fara bayanin labule. Gwaggo ta ce ita ma da za a kwantar da ita kan siminti cikin sanyin watan Yuli, ko limamin coci ne ya zo da ashana ba za ta tashi ba. Maza suka fashe da dariya, Baffa ya fi kowa, ko da yake takalminsa na jiƙe.

Da dariya ta lafa, ta yanke hukunci tana zaune. Ta ce ba wanda ya yaudari kakanni, domin suna bayan ƙofar kicin lokacin da ake murɗe kwalba, kuma a zamaninsu sun sha abin da ya fi wannan muni ba su yi ƙorafi ba. Wanda bai tashi ba, sanyi ne ya hana shi, sanyin kuma na gidan ango ne, saboda haka babu mai zuwa wurin mai duba. Za a yanka akuya yau. Amma bashin burkutu na nan: amarya za ta sake dafa wani, a kicin, kusa da murhu, a kan farin tayil, ita Gwaggo kuma ba za ta koma ƙauye ba sai ta sha shi. Ni kuma ta nuna ni da sanda ta ce mai fitila ta tsaya a baranda, kada a sake ganin ƙafarta kusa da bokiti. Na ce na ji, Gwaggo.

Saura suna. Ashe Madam ta riga ta zaɓi wani mai daɗi, Nosipho, har ta sa an rubuta shi da sukari a kan kek mai hawa uku. Amma raɗin suna hakkin gwaggo ne. Ta dubi ciyawar da ta jiƙe, ta dubi 'yarki, ta ce daga yau sunanta Nogwebu, uwar kumfa. Aka sake guɗa, wannan karon har da masu huluna. An yanka kek ɗin a kicin aka fito da shi gunduwa-gunduwa, wani ya sami harafi, wani bai samu ba.

Liyafar ta yi kyau. Na gwaba ya ƙare kafin na lemu, mata uku sun karɓi lambata, ciki har da wadda ta ce mu 'yan kasuwa ne. Madam ba ta yi mini magana ba har na kwashe kofunana, amma ta aiko mini da cinyar akuya, ki fassara yadda kika ga dama. Da na leƙa jiya, duro na zaune a kicin cikin bargo biyu, gidan duk warin tsiro, Gwaggo na kujera kusa da shi tana gadi, an cire labulayen an ninke. 'Yarki ta ɗan rame amma tana dariya. Ta ce in roƙe ki kada ki yi fushi da ita, ni kuma ki yi yadda kika saba.

Abu ɗaya za ki kiyaye. Idan kin kira waya gidan, kada ki ce a ba ki Liyema, domin Gwaggo ce take ɗauka, kuma za ta ce miki babu mai wannan suna a nan. An riga an yi wa Thembile haka.

Ki gaishe mini da ɗanki Aviwe, ki ce masa na ga hoton gemun, ban ce komai ba. Ki gai da maƙwabciyarki Sisi Phumeza da yaranta. Inna na gaishe ki, ta ce kada ki manta ƙafar dama. Thembile da iyalinsa suna gaisuwa. Lunga ya ce in miƙa gaisuwarsa cikin ladabi. Nogwebu ma tana gaishe ki, gara ki fara saba bakinki da shi tun yanzu.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Zukiswa