Ruwan Tsamiyar da Kike Zubarwa

Hajiya, an ɗauki Ummi! Jikarki, takwararki, 'yar wajen Hadiza, ta samu shiga ɗakin binciken jami'a, kuma a kan zaren tsamiya, silikinmu na gargajiya, za ta yi aiki. Ɗoki ya sa na tsallake sallama. Assalamu alaiki, uwar 'ya'yana. Da hannuna nake rubutu, hannun da kika yi wa dariya lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da furfurata.

Kin tuna gidajen tsutsar tsamiya da fatake ke kawo miki daga tsallaken iyakar Benin? Ki dafa su da toka, ki tsame, ki kaɗa zare, ki aika wa masu aikin riga a kasuwar Bagudo. Ruwan nan mai yauƙi kuwa bayan danga kike kai shi, kina cewa, “Mi za ni yi da ruwan dauɗa?”

To, Ummi ta ce a cikin irin yauƙin nan akwai wani sinadari, furotin suke ce masa, da masu bincike suka ga yana kashe ƙwayoyin ciwon daji a ɗan farantin gilashi. Ciwon da ya ɗauke ki. Da ta faɗa mini a waya, sai da na zauna ƙasa. Shekara nawa ina tsallake ruwan nan in wuce gona?

Ta ja mini kunne: “Tsoho, a faranti ne fa, ba a jikin mutum ba. Bai zama magani ba tukuna.” Na ji, amma murna ta fi ƙarfin bakina. Na faɗa a ƙofar masallaci, kafin la'asar labari ya isa har garin Kende cewa jikata ta samo magani.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Hadiza ta ji ƙululu a nononta na hagu, daidai inda naki ya fara. Likita ya ce ta koma ranar Litinin a ɗebi ɗan nama a duba. Jiya na shiga gidanta na tarar da tsohuwar tukunyarki bisa murhu, ga toka, ga gidajen tsutsa. Ta ce, “Baba, Inna ta je asibiti aka yanke, ta dawo ta rasu. Ni wannan zan sha.” Bakina ne ya ɗora tukunyar nan.

Ke kaɗai ke iya tanƙwara ta. Ni in na ɗaga murya, sai ta sunkuyar da kai, ta yi abin da ta yi niyya. Tsoro nake ji, Hajiya. Ba zan iya sake bin makara a kan ciwo ɗaya ba.

Ummi za ta iso Asabar da hotunan farantin, ta yi wa uwarta bayani da kanta. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tausasa zuciyar ɗiyarmu kafin Litinin, Ya yafe mini saurin baki.

Naki har gobe,
Malam, mijinki.

Takardar nan a ƙofar masallaci zan karanta ta. Ku kuma da kuka ji zancen daga bakina, ku zo ƙofar gidana Asabar da hantsi, ku gani da idonku, ku ji daga mai aikin. Don Allah, ku biyo ta gidan Hadiza ku taho mini da ita.