Ruwan Ya Riga Dogo

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau.

Aikinmu kamun ƙaguwa ne a bakin teku. Sau biyu a rana ruwa yakan janye ya bar laka, sai mu shiga da buhuna kafin ya komo. An ce wata ne ke jan sa.

Makon jiya Dogo, abokin ɗakina, ya yi nisa. Na ƙwala masa kira, ya ce, "Bari in cika buhun." Ruwan ya riga shi. Har yau ba a gan shi ba.

Kada Inna ta ji. Ku dai sa mu a addu'a. Sanyi ya fara, da bargonsa nake rufa yanzu.

Ƙaninki.