Ya raba idon rago da ni, in janye masa takara?

Inna Asilkan, don Allah ki agaza min da shawara, domin abin da ya sanyaya min rai shi ne kuma ya ɗaure min kai.

Ƙungiyarmu ta shugabannin gidajen yari za ta yi zaɓe kafin ƙanƙara ta fara zuba, kuma mu biyu ke neman shugabanci, ni da Yaya Toktosun, mutumin da ya koya min aiki. Shi daga bakin ƙofa ya faro, mai gadi da tarin makullai a ƙugu, ya bi matakai har ya riƙe manyan gidaje. In tarzoma ta tashi shi ake kira, ya shiga tsakar gida ko sanda babu. Ni kuwa likita ne, ta sashen masu tarin fuka na shigo, kuma shi ya tsaya kai da fata aka ba ni gida na riƙe, lokacin da kowa ke cewa mai allura ba zai iya ba. Har yau mutanensa ba su daina faɗin haka ba. A taro sai wani daga baya ya ce, "Likita, in fursuna ya haura katanga, da ma'aunin zafi za ka bi shi?" Nawa mutanen ma bakinsu bai mutu ba, "tsohon makulli" suke ce masa, kuma hakan na yi min zafi.

Ba don raini na fito ba. Ma'aikatanmu na kwasar tari a wurin aiki su kai wa 'ya'yansu, kuma ba mai tada maganar a ƙungiya. Amma tun da na fito na kasa haɗa ido da shi. Ko motarsa na hango sai in sauya hanya, kamar yaron da ya fasa tulu.

Kwatsam sai ya gayyace ni garin Narin, walimar haihuwar jikansa. Na tafi. Ga manyan ƙungiya duk a zaune, aka ajiye masa dafaffen kan rago ya raba, bisa al'ada. Ni na gama sallamawa kunne zai miƙo min, yadda ake ba yara don su riƙa jin magana, a kwashe da dariya, takarata ta mutu a wurin. Ya yanke kunnen kuwa, ya ce a kai wa yara waje. Sannan ya ƙwaƙulo ido ya raba biyu, ya ci rabi, ya miƙo min rabi, ya ce, "Karɓi, ƙanena. Na gaji da ganin ƙeyarka."

Inna, na karɓa na ci ina hawaye. Rabon da in ji sanyi haka a raina har na manta.

To yanzu matata Jildiz ta ce wanda ya ci ido daga hannun babba ba ya sake tsaya masa a gaba, kunya ma ta isa. Magoya bayana kuma sun ce wayo ne, da rabin ido ya gama da ni. Ni dai ba na son in sake rasa shi. In janye ne?

Likitan da ya ci ido, daga Tokmok

*

Ɗana Likita, barka da wannan sauƙi. Na ji daɗin labarin nan kamar ni aka miƙa wa.

Jildiz ba ta yi kuskure ba da ta ce ido na da nauyi. Amma ana raba shi ne don mutum biyu su ci gaba da ganin juna, ba don ɗaya ya ɓace ba. Magoya bayanka kuwa zaɓe ne ya sa suke ganin tarko ko a cikin akushi.

Kuma kada ka raina hanyar da ya biyo. Wanda ya faro daga bakin ƙofa ya san abin da ɗakin magani ba ya koyarwa, kai ma ka san abin da ƙofa ba ta nuna masa ba. Ka bar 'yan ƙungiya su zaɓi wanda suka fi bukata a bana. In ka janye don kunya, masu gadin da ke tari za su rasa mai magana da yawunsu.

Ka tsaya. Amma ka ja wa mutanenka kunne, "tsohon makulli" ya ƙare daga yau. Ka je gidansa ka zauna, ka gaya masa maganar tarin nan da bakinka kafin ya ji ta a taro. Ranar da za ka faɗi tarihin aikinka gaban masu zaɓe, ka ambaci wanda ya fara damƙa maka makulli. Bayan zaɓe kuma, ka ci ko ka faɗi, ka yanka rago ka ajiye kan a gabansa.

Ka daina wahalar da kanka da fassarar nufinsa. Da janyewa yake so ka yi, da kunnen ya miƙo maka. Wuƙa na hannunsa, kunne na gabansa, ga kuma shaidu. Waje ya aika da kunnen.

Allah Ya ba mai rabo sa'a, Ya bar ku kuna ganin juna. Ka gaida Jildiz.

Inna Asilkan