Mama, Na Fitar Da Takwararki A Tsakar Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu, wadda ta riga mu zuwa wurin Ubangiji. Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu, da fatan kina hutawa.

Mama, ni ce Rifkatu. Kin san ban yi boko ba. A waya nake faɗa, wata 'yar'uwa a zumuntar mata za ta rubuta, ta sa inda mutane za su gani. Ta ce in faɗa yadda ya zo min.

Na haihu, Mama. Mace ce. Sunanki muka sa mata, shi ya sa ba na iya kiranta, sai dai in ce Mami. Goshinki ta ɗauko.

Haihuwar ta zo da gardama. Da na ga ƙarfina ya ƙare a gadon asibiti, na yi wa Ubangiji alkawari. Na ce in ya raba mu lafiya, ranar da na yi arba'in zan fito da ita gaban jama'a da rawa, in yi waƙar godiya da bakina kowa ya ji, yadda kike yi wa matan ƙauyenmu. Kin tuna? Ke ce mai buga tulu. Ki zauna ki matse shi da cinya, ki riƙa dukan bakinsa da soso, mai jego tana tahowa a hankali, mata suna guɗa. Kina yawan cewa, "Godiyar da aka yi a ciki, ciki ne kaɗai ya ji."

To, sai ga cutar nan ta korona. Aka kulle gari. Cocinmu na Sabon Gari da kwaɗo, masallatai ma haka. Baban Mami ya tafi kudu ɗauko kayan Kasuwar Singa, aka rufe hanya yana can. Ni kaɗai a ɗaki da jaririya. Titin Fagge da ba ka iya tsallakawa saboda adaidaita, yanzu har kukan kurciya ake ji. In na leƙa, wani lokacin makara nake gani an wuce da ita, mutane kaɗan a baya. Sai in koma in rungume yarinya.

Gidan da muke haya kuwa, mu kaɗai ne Kirista. Ba wanda ya taɓa faɗa min baƙar magana, gaskiya. Amma kin san labaran da muka tashi muna ji. Tun da muka tare, a zuci nake waƙa. Addu'a ma sai na saki labule. Ga mai gidan, Hajiya Yagana, tsohuwa ce 'yar Barno, bakinta kamar reza. Kan igiyar shanya kaɗai ta taɓa sa ni kuka. Na ce in na ɗaga murya ta ce in kwashe kayana, ina za ni da jaririya, gari a kulle?

Fasto ya ce ta waya Allah na ganin zuciya, in jira a buɗe. Na ce to. Amma Mama, ai ba fasto na yi wa alkawari ba. Kuma yadda ake ɗaukar mutane, wa ya ce zan kai ranar?

Yau Lahadi, yau na cika arba'in. Na yi wa Mami wanka, na sa mata farar rigarta, na ɗaura atamfar zumunta. Ba ni da tulu. Jarkar ruwa na juye, na cire silifa ɗaya. Na fito tsakar gida, na zauna a kujera 'yar tsugune, yarinya a hannun hagu.

Da farko muryar ba ta fito ba, kamar an shaƙe kaza. Na sake ɗauka. Ba wata babbar waƙa ba ce, abin da ya zo min ne kawai: na shiga ni ɗaya, Yesu ya fito da mu mu biyu. Na kira sunansa da ƙarfi, Mama. A gidan nan. Wani maƙwabci ya ja tagarsa ya rufe. Yarinya tana zamewa, jarka tana gudu, ni ina kuka, waƙar ta ƙi zama.

Sai ga Hajiya da sandarta. Na ce shi ke nan.

Ta tsaya a kaina ta ce, "Ke 'yar nan, ganga za ki riƙe ko 'ya? Za ki karya mata wuya a kan idona? Miƙo ta nan. Kuma daina kallona haka, na wanke hannu da sabulu."

Na miƙa mata. Ta zauna a bakin randa da takwararki a cinya, carbinta a ɗaya hannun. Ba ta yi waƙar ba, ba ta ce amin ba. Ni kuma na samu hannu biyu. Na buga jarkar nan yadda na ga kina yi, na tashi na taka, ƙafa ɗaya ba takalmi, na zaga tsakar gida har na gama.

Da ta maido min ita ta ce, "Allah ya raya. Amma wani satin ki bari rana ta ɗaga, masu azumi na barci."

Wani satin, Mama. Haka ta ce.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ina jin tsoro. Mai tagar nan bai gaishe ni ba da na wuce. Ban san ranar da baban Mami zai dawo ba. Amma na cika alkawari, kuma numfashina ya sauka.

Ya Ubangiji Yesu, ka ɗauke mana cutar nan. Ka buɗe hanya ga waɗanda ta rufe wa. Ka tsare Hajiya, tsohuwa ce, kada abin nan ya zo kusa da ita. Ka ba Mami murya wadda ta fi tawa. Amin.

Ki huta lafiya, sai mun zo.

'Yarki,
Rifkatu, Maman Mami