Gudan Jini a Ƙafar Direba

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Tun dawowata daga Séguédine, can cikin hamada, ƙafar hagu ke kumbure, da zafi kamar an ɗora garwashi. Yau matata Ramata ta kai ni asibiti dole. Lokotoro ya duba da na'ura, ya ce jini ya daskare a jijiya saboda dogon zama a mota. Babu tuƙi. Na ce har yaushe? Ya ce sai mun gani.

Laraba, 9 ga Oktoba

Allura a fatar ciki safe da yamma. Daga gado zuwa tabarma.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ƙanena Usman ya ɗauki motar, fasinja ba za su jira ni ba. Na ji ƙarar injin har ta fita unguwarmu Dagmanet. Yana saurin canza bitesi, wato giya, zai kashe mini ita.

Talata, 22 ga Oktoba

Sakamakon jinin da aka aika waje ya zo. Lokotoro ya zauna ya yi mini bayani. Wai jiki na da wani furotin, plasmine, mai narkar da gudan jini idan ya gama aikinsa. Akwai wani kuma, PAI-1, mai taka masa burki. Ƙwayar halittar da na gada tana sa nawa burkin ya yi yawa. Na ce to a ba ni maganin da ke narkar da gudan gaba ɗaya, na ji akwai. Ya ce akwai, amma sai idan gudan ya tsinke ya tafi huhu, don yana iya sa jini ya ɓalle a kwanya. Ya tambaya ko wani a gidanmu ya taɓa mutuwa farat ɗaya. Baba. Ya dawo daga tafiya, ya kama ƙirji, kafin la'asar an gama. Mu dai mun ce kwana ne ya ƙare.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

An maida ni kan ƙwayoyin hana jini daskarewa. Idan na zauna da yawa, jinin ya daskare. Idan na ji rauni cikin hamadar Tenere ina shan maganin nan, jinin ya ƙi tsayawa. Ko ta ina dai. Na yi wa Ramata tsawa a kan shayi, ba laifinta. Ta ce, "Malam, gara tsawarka a gida da labarinka daga hanya."

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kumburi ya ragu. An ce in riƙa takawa, na taka har garejin Idi, na zauna ina nuna wa makanikai inda yashi ke cin mota. Wani ɗan kasuwa ya ce yana da kaya zuwa Kawar, yaushe zan tashi? Na ce ya nemi Usman, shi ne direba yanzu. Sai da na iso gida na tuna ban ce "kafin in warke" ba.