Rigar Sanyi a Bani Malik

Daren Alhamis, unguwar Bani Malik, Jidda

Abokina Usman ya isa Abha, garin kan duwatsu a kudancin Saudiyya, ni ina nan. Tun bara muke shirin tafiyar nan: jaka a baya, mu bi ƙauyukan kan dutse da ƙafa, mu ci abin da muka tarar. Da safe na sake kiran kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma, kan iƙamata, takardar zaman ƙasa, da ta ƙare, ya ce sai wani satin. Usman ya ce, "Halas, haƙura kawai ɗan'uwa, ana binciken takardu a hanya, kar ka ja wa kanka."

Tare kakanninmu suka zo hajji da ƙafa. Nasa ya zama ɗan ƙasa, nawa bai zama ba. A nan aka haife ni, shi ya sa nake mantawa ni baƙo ne.

Ɗazu Usman ya turo bidiyo: gurasa mai zafi da zuma, gajimare ya sauko har cikin gari, dattawa suna rawa a dandali. Wai sanyi har haƙoransa na kaɗawa.

Umma ta ce in kwance jakar, na kasa. Rigar sanyin da na saya kawai na ciro na saka, na ƙure mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na zauna a ƙasa. Iyakar dutsena ke nan.