Na Ce Masa Mijina Ya Gama Babur Ɗin, Alhali Bai Gama Ba

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a yanke min hukunci. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, ku yi haƙuri da shi.

Marigayi mijina mai walda ne a Bulumkutu, garejinsu ɗaya da ƙaninsa. Da aka hana hawa babur a garin nan suka koma gyaran keke napep, amma shi zuciyarsa tana kan babur. Akwai wani dogo mai tanki kamar kifi da ya yi shekaru yana ƙerawa a tsakar gida. Bai gama ba Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in ƙanin ya zo ya ɗauke, wai zai adana wa yara. Na bar shi ya tafi da shi, dama ni ba mai jayayya ba ce.

Bana wani gidan talabijin ya shirya gasar masu ƙera babur, ana bin su gareji da kyamara, ana nunawa duk mako. Babban ɗana ya shiga da nasa. Sai ga ƙanin mijina da babur ɗin marigayi, ya shafe shi da jan fenti, wai aikin hannunsa ne. Ɗana ya ce, "Baba Ƙarami, ai na Babanmu ne." Ƙanin mijin nawa ya kwashe da dariya, ya kalli kyamara ya ce, "Ubanka? Ubanka ko ƙafar murhu ya liƙa sai ta karkace. Ni na riƙa rufa masa asiri." Sau uku suka maimaita wurin, ga maƙwabta cike da ɗakina muna kallo. Mutumin da ke kwance a kabari? Wanda ya koya masa sana'ar tun yana yawo ba takalmi?

Makon jiya ya zo gida, na zaci haƙuri ya zo bayarwa. Ko zama bai yi ba ya ce, "Matar Yaya, marigayi ya taɓa ce miki akwai abin da ya rage a jikin mashin ɗin nan?" Wallahi akwai. Mijina ya sha ja min kunne kada in bar kowa ya hau, wuyan babur ɗin walda ɗigo biyu kawai ya yi masa don ya tsaya, kuma yanzu fenti ya rufe wurin. Na sunkuyar da kai na ce, "Ya gama shi tsaf." Har ruwa na kawo masa ya sha.

Ranar Asabar ne zagayen ƙarshe, a wani fili ta hanyar Khaddamari, kowa zai hau nasa ya yi gudu. Ina jin kunyar abin da zan faɗa, amma so nake ya kife a gaban kyamarar nan, shi ma a maimaita shi sau uku. To in ya karya wuya fa? Matarsa ce ta zauna da ni har na fita takaba. In kuma na faɗa masa, waldar minti goma ce, ya ci gasa da gumin mijina, ya ƙara yi wa ɗana dariya. Ɗan nawa ma ban gaya masa ba, na san da gudu zai je ya sanar.

Na yi istigfari har na gaji, zuciyar nan ta ƙi sanyi. Ɗazu ma na karɓo ɗinkin da zan sa in je kallo. Me zan yi?